Gani Ya Kori Ji: Darasin da Ke Cikin Kududdufan Bakin Teku

1.0 Gabatarwa

Idan aka ba da hutun ƙarshen zangon karatu, wasu iyalai masu hali sukan kwashi 'ya'yansu su nufi wasu garuruwa, ko don ziyarar dangi ko don a huta. Akwai waɗanda tafiyar takan kai su garuruwan bakin teku irin su Legas da Akra da Takoradi da Limbe, inda Hausawa suka daɗe da zama. Abin da aka saba gani shi ne a kai yara gaɓar teku da yamma, a tsaya nesa da ruwa, a ɗauki hoto, a sha ruwan kwakwa, a ɗora su a kan doki, sannan a koma masauki. Yaro zai dawo gida yana cewa ya ga teku, amma da za a tambaye shi abin da ke cikinsa, amsarsa ba za ta wuce “ruwa mai yawa” ba.

Ra'ayin da wannan maƙala ke karewa shi ne, sa'a guda da yaro zai yi a tsugune gaban ɗan ruwan da teku ya bari a kwarmin dutse ta fi masa amfani a kan yinin da zai yi yana kallon raƙuman ruwa daga nesa. A wannan ɗan wuri ne zai koyi lura da tambaya da raɗa wa abu suna, kuma waɗannan ukun su ne ginshiƙin darasin kimiyya da na harshe baki ɗaya. Maganar ta shafi iyaye, amma ta fi shafar ɗalibi mai shirin zama malami, domin shi ne zai tsaya gaban yaran da yawancinsu ba za su taɓa zuwa bakin teku ba.

2.0 Yadda Kududdufan ke Samuwa

A yawancin gaɓoɓin duniya, har da na Afirka ta Yamma, ruwan teku yakan ciko ya kuma janye sau biyu a kowace rana. Tsakanin cikowa ɗaya da mai bi mata akwai kimanin sa'a 12 da minti 25, shi ya sa lokacin cikowar yakan yi jinkirin kusan minti 50 a kullum, daidai da jinkirin da fitowar wata ke yi. Dalili kuwa shi ne wata yana jan ruwan duniya zuwa gare shi. Rana ma tana ja, sai dai tasirinta a kan teku bai kai rabin na wata ba. Isaac Newton ne ya bayyana wannan da lissafi a shekarar 1687. Idan wata da rana suka daidaita a layi ɗaya da duniya, wato a lokacin tsayuwar sabon wata da kuma dararen sha huɗu da sha biyar, sai ƙarfinsu ya haɗu, ruwa ya ciko fiye da kullum, ya kuma janye fiye da kullum. Ke nan, yaron da ya saba ƙirga kwanakin wata ya riga ya riƙe mabuɗin wannan ilimi tun daga gida.

Girman cikowar ya bambanta daga wuri zuwa wuri. A mashigin Fundy na ƙasar Kanada tazarar da ke tsakanin cikowa da janyewa takan kai kimanin mita 16, alhali a gaɓar Legas da ta Gana ba ta cika wuce mita 2 ba. Duk da haka, inda gaɓa take da duwatsu, wannan 'yar tazara ta isa. Idan ruwa ya janye sai ya bar ragowarsa a ramuka da tsagogin duwatsu, wasu kamar faɗin akushi, wasu kamar faɗin ɗaki. Su ne ake nufi da kududdufan bakin teku. Ana samun su a wurare irin su Elmina da Takoradi a Gana, da Limbe a Kamaru, inda duwatsun baƙaƙe ne domin aman wutar dutse ne ya samar da su. Gaɓar Nijeriya, mai tsawon kimanin kilomita 853, yawancinta yashi ne da taɓo, sai fa duwatsun da aka jibge a bakin mashigar jiragen ruwa ta Legas a farkon ƙarni na 20.

3.0 Mazauna Kududdufin

Zama a irin wannan wuri yana da wuya. Lita guda ta ruwan teku tana ɗauke da gishiri kimanin giram 35. Idan rana ta buga wa kududdufin, ruwansa zai yi zafi, ya ragu, gishirinsa ya ƙaru. In kuwa ruwan sama ya sauka, sai gishirin ya tsarma. Bayan 'yan sa'o'i kuma teku ya dawo da ƙarfinsa ya daki komai. Saboda haka kowace halitta da ke wurin tana da dabarar da take rayuwa da ita, kuma yaro zai iya ganin dabarar da idonsa.

Akwai wani dangin dodon koɗi mai ƙwanso kamar malafa, wanda yake manne wa dutse har yatsa ba ya iya ɓamɓare shi. Idan ruwa ya rufe shi sai ya fita kiwon gansakuka, kafin ruwa ya janye kuma ya koma daidai gurbin da ya baro, domin bakin ƙwansonsa ya riga ya dace da wurin. Akwai wata ƙaguwa mai taushin ciki da ba ta da cikakken sulke nata, sai ta shige katantanwar da mai ita ya mutu ya bari, in ta yi girma ta sake wata. Akwai kuma wata halitta mai kama da fure, wadda duk wanda ya gan ta zai ɗauka tsiro ce, alhali dabba ce mai kama ƙananan halittu da 'yan yatsunta, kuma tana tsuke kanta idan ruwa ya bar ta. Ga wata mai ƙayoyi kamar bushiya, ga wata mai hannu biyar kamar zanen tauraro, wadda takan tsirar da sabon hannu idan ɗaya ya guntule.

Kada a raina abin da ake iya ganowa a irin wannan wuri. A shekarar 1963 wani masani Ba'amurke mai suna Robert Paine ya fara wani gwaji a gaɓar jihar Washington. Ya zaɓi wani yanki na duwatsu ya riƙa tsince masu kama da tauraron nan yana jefa su cikin teku, ya bar wani yankin yadda yake. A inda ya tsince su, nau'o'in halittu suka ragu daga 15 zuwa 8, domin wani irin makankari da suke ci ya yaɗu ya mamaye duwatsun. Daga nan masana suka fahimci cewa akwai halittar da idan aka cire ta, zaman sauran duka zai rushe. Babban kayan aikinsa a wannan bincike shi ne ƙarfen ɓamɓara da ido da haƙuri.

4.0 Abin da Yaro ke Koya

Abu na farko shi ne lura. Wanda ya zo da gaggawa ya leƙa kududdufi ba zai ga komai ba sai ruwa da tsakuwa, domin inuwarsa ta kori mazauna wurin. Sai ya tsuguna ya yi shiru na 'yan mintoci sannan zai ga tsakuwa ta fara tafiya, ashe ƙaguwa ce a cikin katantanwa. Wannan horo ne da allo da alli ba sa bayarwa. A azuzuwan firamare da yawa, darasin kimiyya ya zama malami ya rubuta, yara su kwafa, su haddace, su mayar masa a ranar jarrabawa. Yaron da aka rena a haka yana iya lissafa sassan jikin kifi tiryan-tiryan ba tare da ya taɓa duban yadda kifi ke numfashi ba.

Abu na biyu shi ne tambaya. Me ya sa ruwan wannan rami ya fi na wancan ɗumi? Ina ruwan ya tafi? Me ya sa na sama suka rufe ƙwansonsu, na ƙasa suka buɗe? Uba ko uwa ba sai sun san amsa ba. Ya isa su ce a duba tare, ko a dawo gobe a gani, domin an ce matambayi ba ya ɓata.

Abu na uku, wanda ya fi shafar malamin Hausa, shi ne suna. Ƙasar Hausa tana nesa da teku. Daga Kano zuwa Legas tafiya ce ta kimanin kilomita 1,000 a mota. Shi ya sa harshen ya wadata da kalmomin ruwan daɗi, kamar gulbi da kogi da rafi da ƙorama da tafki da fadama, da sunayen kifaye irin su tarwaɗa da karfasa da gaiwa da minjirya, amma idan aka zo kan halittun teku sai kalmomi su yi ƙaranci. Wannan ba aibi ba ne ga harshe, domin kowane harshe yana yalwata ne a inda masu shi suke hulɗa. Hausa kuwa tana da hanyoyinta na cike giɓi. Takan ari kalma, kamar yadda ta aro bahar daga Larabci har aka sami Bahar Maliya da Bahar Rum. Takan faɗaɗa ma'anar tsohuwar kalma, kamar jirgi, wanda asalinsa na ruwa ne, daga baya aka sami na ƙasa da na sama. Takan kuma harɗa kalmomi biyu ta hanyar kamantawa, kamar yadda masunta suka raɗa giwar ruwa da ragon ruwa.

Yaro Bahaushe yana bin waɗannan hanyoyi ba tare da an koya masa ba. Da za a bar shi da mai ƙayoyin nan, ba zai daɗe ba zai kira ta bushiyar teku. Mai kama da fure ta zama furen teku, mai shiga gidan wani ta zama ƙaguwa 'yar haya, mai ƙwanso kamar malafa ya zama malafar dutse. Irin waɗannan sunaye sun fi saurin kama baki a kan waɗanda ake ƙaƙalowa a ofis daga ƙamus na wani harshe, saboda an raɗa su ne ana kallon abin. Tsarin ilimi na ƙasa na shekarar 1977 ya tanadi a fara koyar da yaro da harshen uwa ko na muhallinsa, kuma gwajin da Farfesa Aliyu Babatunde Fafunwa ya jagoranta a Ife daga shekarar 1970 ya nuna cewa yaran da aka koyar da Yarabanci tsawon shekara shida ba su gaza takwarorinsu ba, har a kimiyya da lissafi. Ƙorafin da aka fi yi a kan koyar da kimiyya da Hausa shi ne rashin kalmomi. Amsar ita ce, kalma ba ta samuwa sai masu harshe sun yi ido biyu da abin da za a kira.

Akwai ma darasin tarihi. Kalmar kuɗi jam'in wuri ce, wuri kuwa ƙwanson wata halitta ce mai zama a ruwa marar zurfi na bakin teku. Mafi yawan wanda aka yi ciniki da shi a Afirka ta Yamma daga tsibiran Maldibs na tekun Indiya aka kwaso shi. Da shi ake saye da sayarwa a kasuwar Kurmi lokacin da Heinrich Barth ya iso Kano a shekarar 1851, kuma keso guda yana nufin wuri 20,000. Yaron da ya riƙe ƙwanso a tafin hannunsa aka gaya masa wannan, zai fahimci cewa kakanninsa ba kifin rijiya ba ne, kuma duk lokacin da ya ji an ce wuri na gugar wuri zai san abin da ake nufi.

5.0 Hujjojin Masu Suka

Akwai masu ganin cewa wannan duk wahala ce, kuma hujjojinsu abin dubawa ne. Ta farko ita ce haɗari. Gaskiya ne teku ba abokin wasa ba ne. A watan Fabrairu na shekarar 2004, aƙalla mutum 21 'yan ƙasar Sin suka halaka a mashigin Morecambe na Ingila, suna cikin tonon wani irin makankari ruwa ya ciko ya datse musu hanya. A gaɓar Gana da ta Nijeriya kuma akwai raƙuman ruwa masu ƙarfi da ke jan mutum zuwa ciki. Amma maganin haɗari shi ne sani. A tambayi masuntan wurin lokacin janyewar ruwa, a isa tun yana janyewa, a bar wurin da zarar ya fara dawowa. Kada a juya wa teku baya, kada yaro ya taka duwatsu ba takalmi saboda santsi da ƙaya, kada ya cusa hannu a ramin da bai ga cikinsa ba, kuma kada babba ya yi nisa da shi. Yaron da aka hana shi kusantar ruwa ba tare da an koya masa halinsa ba, shi ne ya fi shiga haɗari ranar da ya sami kansa shi kaɗai.

Hujja ta biyu ita ce ɓarna, kuma tarihi ya gaskata ta. A shekarun 1853 da 1854 wani Bature mai nazarin halittu, Philip Henry Gosse, ya wallafa littattafai a kan halittun gaɓar Ingila da yadda ake kiwon su a akwatin gilashi. Littattafan suka karɓu, jama'a suka yi ta kwarara bakin teku da bokitai da guduma. A shekarar 1907 ɗansa Edmund ya koka a rubuce cewa masu kwasa sun washe kududdufan da ya sani yana yaro. Darasin a nan shi ne a haɗa kallo da tarbiyya. Duk dutsen da aka ɗaga a mayar da shi yadda yake, domin na ƙarƙashinsa ba sa jure rana. Duk abin da aka ɗebo a ƙoƙo don a duba a mayar da shi inda aka same shi. Kada a ɓamɓare abin da ya manne. Abin da ya kamata yaro ya tafi da shi gida shi ne zane da bayani a littafinsa.

Hujja ta uku ita ce mafi nauyi. Iyali nawa ne ke da halin kai 'ya'yansu bakin teku? Malamin da aka tura ƙauye a Katsina ko Damagaram, ina shi ina Takoradi? Idan darasin bai wuce 'ya'yan masu hali ba, to ba shi da gurbi a littafin horar da malamai.

6.0 Kududdufin da ke Bayan Gari

Amsar wannan hujja tana kan duwatsun ƙasar Hausa. Manyan duwatsu irin na Kufena da Kwatarkwashi da Dutse suna da ƙananan ramuka da ruwan sama ke taruwa a ciki da damina, su bushe cikin 'yan kwanaki, su sake cika. Su ma kududdufan dutse ne, kuma mazaunansu suna fama da zafi da bushewa kamar 'yan'uwansu na bakin teku.

A irin waɗannan ramuka na Arewacin Nijeriya aka samo wani ɗan ƙwaro mai kama da sauro amma ba ya cizo, wanda masani H. E. Hinton ya bayyana wa duniya a shekarar 1951 da sunan Polypedilum vanderplanki. Tsutsarsa ja ce, ƙarama. Idan raminta ya ƙafe sai jikinta ya tara wani nau'in sukari mai kare sassansa, ta bushe ƙayau har ruwan jikinta ya koma kimanin kashi 3 cikin 100. A haka take kwana a cikin ƙurar ramin duk tsawon rani. Da zarar ruwa ya taɓa ta, cikin kamar sa'a guda sai ta motsa ta ci gaba da rayuwa. An taɓa ajiye ta a bushe shekara 17 ta farfaɗo. A shekarar 2007 an kai ta tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa aka ajiye ta a waje, aka dawo da ita ta rayu, kuma a shekarar 2014 masana daga Japan da Rasha suka wallafa bayanin tsarin gadonta. Abin takaici shi ne, yaran da ke kiwon awaki a kan irin waɗannan duwatsu suna tsallake ramukan kullum, ba wanda ya taɓa ce musu su duba. Masunta kuwa sun daɗe da sanin gaiwa, wadda ke shigewa cikin laka ta yi rani a can, don haka malami yana da misalin da zai ɗora a kai.

Sai dai a kula da bambanci. Babban kududdufin cikin gari, wanda aka haƙa don ɗibar ƙasar gini, yana da zurfi, yakan ci yara, kuma ƙananan dodon koɗin da ke cikinsa suna iya ɗaukar ƙwayar cutar tsargiya. Irin wannan daga gefe ake kallonsa, ba a shiga. Ɗan ramin kan dutse, wanda zurfinsa bai wuce taƙi ba, shi ya fi dacewa da yara.

7.0 Kammalawa

Abin da ake bukata daga malami kaɗan ne. Ya fara zuwa wurin shi kaɗai ya duba lafiyarsa, ya nemi izinin shugaban makaranta da na iyaye, ya raba yara ƙungiya-ƙungiya, kowace da babba mai kula da ita. Kayan aiki ba su wuce farin ƙoƙo da cokali da fensir da littafin rubutu ba. A wurin, ya hana kansa yawan bayani, ya bar yara su yi shiru su duba, su zana abin da suka gani, su raɗa masa suna, su faɗi dalilin sunan. Idan an koma aji, a tattara sunayen a allo, a tambayi dattawa da masunta ko akwai sunan gargajiya da ya riga su, sannan kowane yaro ya rubuta siffantawa ta shafi guda. Da fita ɗaya an sami darasin kimiyya da na ginin kalma da na insha'i. Yaron da ya dawo daga hutu a bakin teku kuma, a ba shi dama ya kwatanta abin da ya gani can da abin da aka gani a nan.

Su ma kwalejojin ilimi suna da nasu nauyin. Ɗalibin da bai taɓa fita irin wannan nazari ba a lokacin horonsa, da wuya ya fitar da yara idan ya kama aiki. Ya dace sashen Hausa da na kimiyya su riƙa shirya fita tare, ko da sau ɗaya ne a damina, a kuma adana sunayen da aka tattara domin masu aikin ƙamus. Iyaye kuwa, idan hali ya kai su bakin teku, su tambayi lokacin da ruwa ke janyewa kafin su tambayi inda ake ɗaukar hoto. Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilimi, amma tafiyar da ke buɗe ilimi ita ce wadda matafiyi ya tsaya ya duba abin da ke gabansa.